Lissafin 'Yar Latti

Takarda sittin da takwas malamar fiziks ta duba a ranar Talatar nan, tara ne kacal suka haye. Ta ajiye jan biro, ta zare takalmi a ƙarƙashin tebur, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura tun kafin azahar. Ofishin malamai ya watse, daga ita sai fanka da ke juyawa kamar an sa ta dole.

Shekara ashirin da uku ke nan tana koyarwa a wannan sakandare. Ɗalibai sun daɗe da laƙaba mata Malama Dakata, don duk wanda ya zabura zai ba da amsa sai ta ɗaga masa hannu ta ce, "Dakata, yi tunani tukuna." Ta san da sunan, ba ta taɓa nuna ta sani ba. A 'yan shekarun nan ma ba ta cika faɗin kalmar ba, hannun kawai take ɗagawa, saboda muryarta kan dushe kafin a tashi.

Gwajin a kan gudu ne. Sau uku ta rubuta musu a allo: a raba nisa da lokaci, abin da ya fito shi ne gudu. Sun haddace tsaf, in ta tambaya sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya kamar waƙa. Amma ga takardar wani yaro a gabanta, wanda ake kira Jirgi saboda ba mai kamo shi a filin ƙwallo, ya rubuta cewa mutumin da ke tafiya kasuwa da ƙafa yana cin kilomita ɗari shida a awa guda. Har ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, alamar ya gamsu. Ta daɗe tana kallon layukan nan. Ko haushi ba ta ji ba, gajiya ce kawai ta sauko mata daga wuya zuwa gadon baya.

Washegari ta leƙa ɗakin gwaje-gwaje. Agogon auna gudu uku ne a cikin kabad, biyu ba batir, na ukun gilashinsa ya fashe allurar ta maƙale. Dogon tef ɗin awo kuwa an ce wani malami ya ara tun bara zai auna fili, shi ke nan labarinsa. Ta rufe kabad ɗin a hankali ta fito.

Da la'asar ta kwance igiyar shanya a tsakar gida, ta jibge kayan da ba su gama bushewa ba a kan kujera, ta nufi shagon mijinta da ke ƙofar gida. Tela ne, yana zaune a kan keke da tef rataye a wuya.

"Yau kuma wa za a ɗaure, Malama?"

"Yara sittin da takwas."

"Ai kuwa wannan igiyar ta yi kaɗan."

"Ni dai auna min mita goma, Malam, ka ƙulla min ƙulli a kan kowace mita. Bayana ba zai iya sunkuyon ba."

Ya ture rigar da yake ɗinki, ya shimfiɗa igiyar a kan teburin yanka, yana aunawa yana ƙullawa, yana mita cewa shi ke nan an mayar da shi ma'aikacin makaranta ba tare da an ɗauke shi aiki ba. Ita tana zaune a kan bencin masu jiran ɗinki, idonta a lumshe. Da ya gama ya ce, "Wai har yanzu ba ki gaji da yaran nan ba?"

"Na gaji mana," in ji ta. Ta naɗe igiyar a gwiwar hannu ta shige gida.

Ranar Alhamis, a darasi na uku, ta ce kowa ya ɗauko littafinsa da biro ya biyo ta. A bayan azuzuwa akwai wani siririn fili tsakanin katanga da banɗakuna, ciyawa ta cinye rabinsa. Rana ta riga ta ɗaga. Ta sa aka ja igiyar sau shida, ana dasa dutse a ƙarshen kowane ja, har aka sami mita sittin. Nan ma sai da aka yi rigima, wasu na cewa masu ja ba sa miƙar da igiyar sosai, aka sake daga farko. Agogo biyu ne ke gare su: wayarta, da agogon hannun Baba maigadi, wanda ya ba da aro bisa sharaɗin zai tsaya a wurin yana kallon abinsa.

Jirgi ne ya fara. Ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, monita ya ɗaga hankici ya sauke. Kafin a ce wani abu ya wuce dutsen ƙarshe ya kusa karo da katanga.

"Sakan takwas!"

"Ƙarya ne, bakwai ne!" in ji shi yana haki.

"Takwas ne," Baba maigadi ya faɗa ba tare da ya ɗago ba.

Suka duƙufa, wasu sun ɗora littafi a gwiwa, wasu a bayan abokansu. Sittin a raba da takwas. Mita bakwai da rabi a kowane sakan. Malama ta sa suka mayar da shi awa, aka sha fama, daga ƙarshe wata yarinya ta ce kilomita ashirin da bakwai.

Jirgi ya tsaya da hannu a ƙugu. "Duk gudun nan da na yi, ashirin da bakwai?"

"Ashirin da bakwai. Shi ma in za ka iya riƙe shi awa guda."

Ya sosa ƙeya. "To Malama, mutumin nan nawa mai zuwa kasuwa, ashe aljani ne."

Aji ya kwashe da dariya. Ita ma sai da gefen bakinta ya motsa.

Daga nan kowa ya shiga layi, masu gudu na gudu, masu tafiya na tafiya, kowa na rubuta nasa. Suka matsa lallai ita ma sai ta yi. Ta taka mita sittin ɗin nan da kumburarrun ƙafafunta, yara na ƙirga mata da ƙarfi, ta iso a sakan saba'in da biyar. Wani ya ce ko ba komai Malama ta fi kunkuru. Hayaniyar ce ta fito da shugaban makaranta daga ofis, ya tsaya daga inuwar baranda da hannu a baya.

"Malama, darasi ake yi ko wasan motsa jiki? Ajin da ke kusa ba sa jin malaminsu."

"Darasi ne, ranka ya daɗe. Saura minti goma."

Ya dubi igiyar shanya, ya dubi duwatsun, ya girgiza kai ya koma.

Cikin waɗanda suka yi tafiya a ƙarshe akwai wata siririyar yarinya mai zama a bencin baya, wadda kowa ke kira 'Yar Latti. Malama ta san ta sarai, don a wannan zangon ita Malamar ke tsaron ƙofa da safe. Ƙarfe takwas saura kwata ake kaɗa ƙararrawa a ja ƙofa, duk wanda ya zo bayan nan sai ya ɗauki tsintsiya ya yi shara har darasin farko ya ƙare. Kusan kullum sai ta miƙa wa yarinyar nan tsintsiya, har ta kai ba sa ko haɗa ido, ita ta miƙa, ita ta karɓa. Yarinyar ba ta yi gudu ba, tafiya ta yi, amma irin tafiyar da ba a saba gani ga 'yan mata sa'anninta ba: kai a ƙasa, taku dogo, hannu na kaɗawa. Sakan arba'in. Mita ɗaya da rabi a sakan.

"Ke da kike da wannan saurin, me ke sa ki makara?" wata ta tsokane ta. Ta wuce ta rubuta lokacinta.

Kafin a kaɗa, Malama ta ba su aikin gida. Kowa ya duba lokacin da yake ɗauka daga gida zuwa makaranta, ya yi amfani da saurin tafiyarsa, ya fitar da nisan gidansu. A kawo ranar Litinin. Ta naɗe igiyarta, kanta na sarawa, ta wuce aji na gaba ba ta ko sha ruwa ba.

Ranar Litinin fiziks ne darasin farko. Ƙarfe takwas daidai 'Yar Latti ta iso ƙofa, goshinta sharkaf da gumi. Malama ta miƙa mata tsintsiya, ita kuma ta miƙo wata takarda a ninke, sannan ta nufi wajen shara, Malama ta wuce aji. Sai da aka fita hutu Malama ta zauna duba aikin. Yawancinsu mita ɗari takwas, kilomita ɗaya, ɗaya da rabi. Wasu sun manta ba su mayar da minti sakan ba, ta gyara. Da ta zo kan takardar da aka ninke, ta ga minti saba'in, sakan dubu huɗu da ɗari biyu, sau ɗaya da rabi, mita dubu shida da ɗari uku. Ta ɗaga jan biro za ta soke, sai ta ga akwai wani lissafin a ƙasa wanda ba ta ba su ba. Ta aika aka kira yarinyar.

"Wannan saba'in ɗin, minti bakwai kike nufi ko sha bakwai?"

"Saba'in ne, Malama."

"A ƙafa?"

"A ƙafa."

"Mota fa?"

Yarinyar ta dubi ƙasa. Malama ta ji da ma ba ta yi tambayar ba.

"To me zai hana ki fito da wuri?"

Yarinyar ta fara magana a hankali, idonta a kan tebur. Babanta na kwance shekara biyu ke nan, ɓarin jikinsa ya shanye, ba a barinsa shi kaɗai. Ƙannenta biyu ƙanana ne. Mamanta na aikin goge-goge a asibiti, aikin kwana take yi, ba ta isowa gida sai bakwai saura minti goma. Tana shigowa ita kuma take fita, wani lokaci a bakin ƙofa suke gaisawa.

"Wannan na ƙasan fa?"

"Na ga daga lokacin da Mama ke dawowa zuwa ƙararrawa minti hamsin da biyar ne. Shi ne na raba nisan da shi, in ga saurin da zan yi in iso." Ta nuna da yatsa. "Mita ɗaya da ɗigo tara a sakan. Na gwada yau, Malama. Ina iyawa kamar na minti goma, daga nan sai haƙarƙarina ya ɗaure."

Malama ta sake bin lissafin layi-layi. Babu kuskure ko ɗaya. Ta tuna cewa a mako sau biyu fiziks ke zama darasin farko, ke nan rabin abin da ta koyar a zangon nan yarinyar na waje da tsintsiya, kuma ita da hannunta take miƙa mata.

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Je ki aji."

Bayan an tashi ta sami shugaba a ofis, ya cire hula ya ajiye a kan tulin fayil, yana murza idanu. Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya. Ta ajiye masa takardar ta yi bayani. Ya jawo wayarsa ya danna lissafin da kansa, sau biyu.

"Lissafi dai daidai ne," in ji shi. "Amma Malama, kin san yaran nan. Yau in na ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe mutum hamsin za su zo min da takarda, kowa gidansu a bayan duniya."

"Su zo, ranka ya daɗe. Ni zan duba."

"Ke ɗin da ko tsayuwa da ƙyar kike yi?"

Ta ci gaba da zamanta. Ya yi ajiyar zuciya.

"Sai uwar ta zo da kanta na ji daga bakinta. Ba na sa hannu a kan maganar yaro."

Uwar ta zo ranar Laraba, kai tsaye daga asibiti, da rigar aikinta a ƙarƙashin mayafi, tana warin maganin wanke ƙasa. Shugaba na wajen taron safe, aka ce ta jira a benci. Kafin ya dawo barci ya sace ta, kanta jingine da bango, jakarta a rungume. Malama ta tsaya a kanta ta rasa yadda za ta tashe ta, sai da ta taɓa kafaɗarta sau biyu.

"Sannu 'yar'uwa. Ke ce mahaifiyarta?"

Matar ta zabura tana gyara mayafi. "Ni ce, Malama. Wani laifin ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ina take yau?"

"Ai tana gida wurin babanta. Tunda na biyo nan, dole ita ta zauna."

Malama ta runtse ido. Wannan bai zo mata a rai ba, shi ma shugaban bai zo masa ba. Ranar gaba ɗaya yarinyar ta rasa makaranta saboda a nema mata izinin minti goma sha biyar.

Maganar ba ta ɗauki lokaci ba. Shugaba ya yi tambaya uku, matar ta amsa tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifi. Ya yago ƙaramin kati ya rubuta cewa an yarda mai wannan kati ta shiga aji har zuwa takwas da minti goma, ya buga hatimi. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta godiya, ta ce Allah ya raya zuri'a. Malama ta raka ta har ƙofa, ta tsaya tana kallonta tana tafiya a gefen titi, taku dogo, kai a ƙasa.

Abin da shugaba ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Kafin mako ya zagayo takarda goma sha tara aka kawo, har daga azuzuwan da ba ta koyarwa, don waɗanda suka iya sun koya wa waɗanda ba su iya ba. Ya tattara su duka ya aiko mata ba tare da ko kalma ba. Kwana uku tana zama bayan an tashi, tana duba lissafi, tana buɗe rajista tana ganin unguwar kowa, tana kiran iyaye a waya, wasu su ɗauka wasu su kashe. Huɗu daga ciki gaskiya suka faɗa, kowanne da irin nasa dalilin, su ma aka yi musu kati. Sauran ƙarya ce tsagwaronta. Jirgi, wanda ana hango rufin gidansu daga benen makaranta, ya kawo lissafin kilomita tara, ya mayar da minti sakan daidai, ya ninka daidai, ya sa mita a inda ya kamata.

"Lissafinka ya yi kyau," ta ce masa washegari a bakin ƙofa. "Na ba ka maki goma." Ta miƙa masa tsintsiya.

"Haba Malama!"

"Fara daga wajen tuta."

A taron malamai na ƙarshen wata shugaba ya sanar cewa daga yau ba a fita da ɗalibai fili lokacin darasi sai da izini a rubuce, kwana uku kafin ranar. Bai ambaci kowa ba, amma duk aka waiwayo aka dube ta. Malamin da ke ajin kusa ya gyaɗa kai da ƙarfi. Ba ta yi musu ba, ƙarfin musun ma babu.

Ta sake yi musu gwaji a kan gudu da darussan baya. Wannan karon talatin da huɗu suka haye, rabin aji cif. Sauran rabin suna nan inda suke, wasu har yanzu lokaci suke rabawa da nisa. 'Yar Latti ta sami goma sha uku cikin ashirin. Tambayoyin gudu duk ta cinye su, na abin da aka koyar a farkon zango ne ta bari fari fat. Sunan bai bar ta ba, kuma har yanzu takan shigo ana tsakiyar darasi, ta nuna katinta daga bakin ƙofa ta lallaɓa bencin baya tana share gumi. Malama ta koma fara darasin Litinin da bitar na baya, sabon abu sai bayan takwas da minti goma. Ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Babi na gaba a littafi shi ne yadda gudu ke ƙaruwa. Ta karanta shi a ofis ranar Juma'a, ta ga ba yadda za a yi su gane sai sun ga abu na gangarowa da idonsu. Ana bukatar dogon katako mai santsi da ƙaramar ƙwallo, kuma a cikin aji za a yi, tunda fili ya haramta. Da aka tashi ta hau mota, ta sauka kafin a kai tasharsu, ta taka zuwa wurin wani kafinta da ke bakin titi, ta yi masa bayanin irin katakon da take so aro, mai tsawon mita biyu, wanda bai lanƙwashe ba.

Kafintan ya cire fensir daga bayan kunne ya dube ta. "Na me za a yi da shi, Hajiya?"

"Ƙwallo za mu gangaro a kai."

Ya ga dai ba wasa take yi ba. Ya ce akwai guda amma sai an goge shi, ta dawo gobe da hantsi. Ta ce to. Ta tsaya a gefen titi da jakar takardu a kafaɗa, tana sauya ƙafar da take dogarawa, motoci biyu suka wuce a cike, ta uku ce ta tsaya.